Daga Elul zuwa Yom Kippur: Yadda Yahudawa Ke Yi wa Kansu Hisabi Su Tuba Kafin Sabuwar Shekara

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai jajibirin Yom Kippur, babbar ranar azumi da neman gafara ta Yahudawa, sannan ya fara tuno mutanen da ya ɓata wa rai a shekara, ya makara, domin kaso mafi nauyi na tuba a addinin Yahudawa a wajen majami'a ake yinsa: da takarda da alƙalami, da kuɗin da za a mayar wa masu shi, da tsayuwa a ƙofar mutumin da ba ka son haɗa ido da shi. Shi ya sa aka ba aikin kwana 40. Malaman Yahudawa sun danganta adadin da kwana 40 na ƙarshe da Annabi Musa ya yi a kan Dutsen Sina'i bayan laifin ɗan maraƙin zinariya, har ya sauko da alluna na biyu. Da Ibrananci ana kiran tuba teshuba, wato komawa, kuma mai son komawa sai ya fara gano inda ya ratse.

Ka fara da kalanda

Elul shi ne watan ƙarshe na shekara, kwanansa 29 kullum. Yana ƙarewa sai Rosh Hashana, sabuwar shekara, a ranakun 1 da 2 ga watan Tishri. Yom Kippur, Ranar Kafara, tana zuwa 10 ga Tishri. Idan ka fara ƙirga daga 30 ga watan Ab, wadda ita ce ranar farko ta bikin tsayuwar Elul, kwana 40 cif za ka samu. Kwanan wata a lissafin Yahudawa da faɗuwar rana yake shiga, saboda haka duk ranar da ka gani a kalanda, tun yammacin jiyanta ta fara.

A kalandar Miladiyya, Rosh Hashana tana faɗowa tsakanin 5 ga Satumba da 5 ga Oktoba, kuma ranarta ta farko ba ta taɓa kamawa Lahadi, Laraba ko Juma'a. A 2026, alal misali, 1 ga Elul ta kama Juma'a 14 ga Agusta, shekarar 5787 ta lissafin Yahudawa tana shigowa da yammacin Juma'a 11 ga Satumba, Yom Kippur kuwa Litinin 21 ga Satumba.

Rabon kwanakin da muka ga ya fi aiki shi ne: mako biyu na farko don lissafi da biyan kuɗi, mako biyu na biyu don zuwa wurin mutane, kwana goman Tishri kuma don abin da ya gagara da abin da ke tsakaninka da Allah. Wannan shawara ce kawai, babu dokar da ta ce haka. Dalilinta dai shi ne mutane ba sa samuwa lokacin da kake so. Wani ya yi tafiya, wani ba zai ɗaga waya ba, wani sai ka koma sau uku.

Hisabin rai

Sunan aikin heshbon hanefesh, kuma kalmar heshbon ta 'yan kasuwa ce, lissafin shiga da fita. Bahya ibn Fakuda, wanda ya rayu a Saragosa ta Andalus a ƙarni na 11 ya kuma yi rubutunsa da Larabci, ya ware wa wannan lissafi babi guda a littafinsa kan farillan zuciya, inda ya jera fuskoki 30 da mutum zai bi ya tuhumi kansa. Ba sai ka bi duka 30 ba. Abin da ake bukata littafin rubutu ne wanda ba mai buɗe shi sai kai, da minti 15 zuwa 20 kowane dare a lokaci ɗaya tsayayye. Ban da daren Juma'a wayewar Asabar, tunda Asabar ranar hutu ce, ba a rubutu a cikinta.

Ka raba shafi gida biyu. Gefe ɗaya abin da ke tsakaninka da Allah: addu'a, kiyaye Asabar, dokokin abinci, karatun Attaura. Ɗaya gefen abin da ke tsakaninka da mutane. Wannan rabo ba ado ba ne, hanyar gyaran kowanne daban take, kamar yadda za a gani.

Kada ka dogara da tunani kaɗai, domin zuciya gwanar yi wa mai ita lauya ce. Ka buɗe kalandar shekarar, da saƙonnin waya, da bayanan banki, ka bi su wata-wata. Saƙon da aka aiko maka ana neman taimako ka karanta ka yi shiru, yana nan. Kuɗin da ka ce aro ne na mako guda, ranar da ya shigo tana nan. Mabiya ɗariƙar Habad suna da tsari mai kyau a kan wannan: kwana 12 na ƙarshen Elul, daga 18 ga wata, kowace rana tana tsaye a madadin wata guda na shekarar da ke ƙarewa. Ranar 18 a duba Tishrin bara, ranar 19 a duba Heshwan, haka har 29 ga wata a duba Elul kansa.

Yadda ka rubuta laifi shi ke nuna ko zai gyaru. "Ina da saurin fushi" bai ba ka aikin yi ba. Amma idan ka rubuta cewa a watan Adar ka daka wa yaron shagonka tsawa a gaban masu saye kan kuɗin da ya ɓace, daga baya ka tsinci kuɗin a aljihunka, kuma ba ka taɓa gaya masa ba, to ga suna, ga abin da ya faru, ga abin da ya rage a yi. Kowane layi ya ɗauki abu uku: me ka yi, wa ka yi wa, me zai gyara.

Bayan kwana bakwai ko goma, ka karanta abin da ka tara daga farko. Za ka ga laifuffuka 20 sun koma hali biyu ko uku. Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Masar a 1204, wanda Yahudawa ke kira Rambam, ya rubuta a dokokinsa na tuba cewa ba daga sata da zina kaɗai ake tuba ba, har da fushi, gaba, hassada, ba'a, kwaɗayin kuɗi da girma, da haɗama, kuma waɗannan sun fi wuyar bari domin sun zama jiki. Don auna hali irin wannan, Menahem Mendel Lefin ya fito da wani jadawali a farkon ƙarni na 19: halaye 13 a jere, kwanaki 7 na mako a kwance, mutum ya sa ido kan hali guda kowane mako, ya ɗiga ɗigo duk lokacin da ya zame. Mako 13 sau huɗu ya cika shekara. A Elul babu lokacin zagaye duka, sai ka ɗauki hali guda ka yi masa ɗigo har ƙarshen wata. Amfanin ɗigon shi ne yana nuna lokaci: sai ka ga fushin naka kusan kullum da yamma yake zuwa, kafin abinci, ko bayan waya da mutum ɗaya.

Abu uku ke ɓata hisabi. Na farko, laifi tudu ne: ka fara rubuta abin da ka yi wa ɗan'uwanka, kafin ka farga ka cika shafi da abin da shi ya yi maka. Duk jimlar da ta fara da sunan wani a matsayin mai aikatawa, ka soke ta. Na biyu, tara laifi har zuciya ta karaya, mutum ya rufe littafin ya ce shi ya riga ya lalace. Rambam ya ce kowa ya ɗauki kansa kamar wanda ma'auninsa ya yi kunnen doki, rabi lada rabi laifi, aiki guda na iya rinjayar da shi. Don haka ka rubuta abin kirkin da ka yi ma, domin a san abin da za a ƙara. Na uku, yin lissafin a tsaya nan, kamar ɗan kasuwar da ya gano masu binsa bashi ya rufe littafi ya kwanta.

Haƙƙin mutane

Mishna, tsohon kundin dokokin Yahudawa, a ƙarshen sashen Yoma, ta yanke magana: laifin da ke tsakanin mutum da Allah, Yom Kippur tana kankare shi, amma wanda ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa ba ta kankarewa sai ya nemi yardarsa. Azumin awa 25 na Yom Kippur ba ya biyan bashin kowa.

Kuɗi ake fara mayarwa, sannan baki ya biyo. Ka fitar da jerin: bashin da wa'adinsa ya wuce, ladan ma'aikaci da aka riƙe alhali Attaura ta hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka, kayan aro, canjin da aka ba ka fiye da kima ka yi gum, ɓarnar da ka yi wa motar wani a wurin ajiya ka sulale, sadakar da ka yi alkawari a majami'a ba ka kai ba. Idan ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka je ka faɗi gaskiyar adadin, ku tsayar da ranakun biya, ka ba da kason farko nan take. Idan mai kuɗin ya rasu, magadansa ake ba. Idan ba a san magada ba, a kai wa kotun addini, bet din. Wanda kuwa ya cuci mutane da yawa bai san su ba, kamar mai tauye mudu, Talmud, babban littafin sharhin malamai kan Mishna, ta ce ya kashe kuɗin a abin da jama'a ke amfana da shi, ta ba da misalin rijiyoyi, da fatan waɗanda aka cuta su ma su sha.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ba da kuɗin sadaka alhali an san mai shi. Ba ya wadatarwa. Kuɗin Ra'ubainu ba a biyan Saminu da shi.

Biya kuma bai rufe magana ba. Mishna ta ce ko mutum ya biya diyyar raunin da ya yi, ba a yafe masa sai ya roƙi wanda ya raunata. Ga yadda roƙon yake. Ka je da kanka idan zai yiwu, ka nemi keɓewa, ka ambaci laifin da sunansa, ka ce kai ka yi kuskure, ka faɗi abin da ka gyara ko za ka gyara, ka roƙi yafiya, sannan ka yi shiru. A misalin da ya gabata, zai zama kamar haka: "Ranar nan da na yi maka tsawa gaban mutane kan kuɗin da ya ɓace, a aljihuna na same shi. Na kunyata ka a banza, kuma na ɓoye maka gaskiya wata shida. Gobe zan faɗi haka gaban waɗanda suka ji. Ka yafe mini." Shirun da ke biyo baya shi ne mafi wuya. Mutumin na iya amayar da abin da ya daɗe yana cinsa, kuma sauraro ba tare da kare kai ba yana cikin biyan.

Kalmomi biyu ke rusa ban haƙuri: "idan" da "amma". "Idan na ɓata maka rai" na nufin ba ka yarda ka yi ba. "Amma kai ma ka san halin da nake ciki" ya mayar da laifin kansa. Haka saƙon nan da ake turawa kowa da ke cikin waya a jajibirin biki, wai duk wanda na saɓa wa ya yafe. Ga ƙananan abubuwan da ba a tuna ba, babu laifi. Ga mutumin da ka san abin da ka yi masa, cin fuska ne na biyu.

In ya ƙi yafewa, doka ta tsara abin yi: ka koma da mutum uku daga abokansa su taya ka roƙo, ka yi haka har sau uku, kowane karo da wata magana dabam. Bayan na uku ka fita haƙƙinsa, nauyin ya koma kan wanda ya ƙi. Sai dai idan malaminka ne, nan Rambam ya ce ko sau dubu ne sai ka yi ta komawa. Ka bar tazara tsakanin zuwa da zuwa. Roƙo uku a yini guda takura ce, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ake farawa tun Elul na sabo.

Akwai inda ambaton laifin kansa ke zama sabuwar cuta, kuma nan ne malamai suka fi kai ruwa rana. Ka yi gulmar mutum, bai sani ba. Ka je ka gaya masa? Rabbi Isra'ila Meir Kagan na Radin, wanda ya shahara da rubutu kan dokokin harshe ya rasu a 1933, ya ce idan maganar ta jawo wa mutumin cuta, sai ka bayyana masa ka nemi yafiya. Ana ruwaito cewa Rabbi Isra'ila Salanter, jagoran tafiyar gyaran hali ta Musar wanda ya rasu a 1883, bai yarda ba: a ganinsa ba ka da ikon sayen tubarka da baƙin cikin wani. Malamai da yawa a yau suna bin hanyar da ta kauce wa fama ciwo. Ka koma wurin waɗanda ka gaya wa maganar ka janye ta, ka gyara abin da ta ɓata, kamar aikin da ta hana shi samu, sannan ka nemi yafiyarsa a dunƙule ba tare da zayyana abin da zai hana shi barci ba. A ganinmu wannan ya fi, kada garin gyaran gira a rasa ido. Amma a yi hattara, domin zuciya na son wannan sassauci fiye da kima. Tambayar ita ce wa shirun zai kare, shi ko kai. In kai ne, ka je ka faɗa.

Haka kuma wanda ka cutar da shi cuta mai tsanani har ganinka ke tayar masa da hankali, ba a faɗa masa gida kwatsam. A aika wani da ya yarda da shi ya tambaya ko yana son jin ta bakinka.

Idan wanda ka zalunta ya rasu, ana tara mutum 10 a bakin kabarinsa, ka furta a gabansu cewa ka yi wa Allahn Isra'ila laifi, ka kuma yi wa wannan mutum kaza da kaza.

Kai ma za a zo wurinka. Doka ta ce kada mutum ya zama mai taurin zuciya idan an roƙe shi da gaske, kuma haramun ne a riƙa tuna wa wanda ya tuba abin da ya yi a da. Sai dai yafe ɓacin rai bai tilasta maka yafe kuɗi ba, kuma wanda aka yi wa ƙazafi aka ɓata masa suna ba dole ne ya yafe ba, ko da yake an so ya yi.

Tsakaninka da Allah

Rambam ya tsaya kan abu huɗu: barin laifin, nadama, furtawa da baki, da ƙudurin ba za a koma ba. Bari shi ne farko. Talmud ta kwatanta mai furta laifi bai bar shi ba da wanda ya shiga ruwan tsarki riƙe da mushen ƙadangare a hannu, ko ruwan duniya ya ƙare a kansa bai tsarkaka ba sai ya yar. Tuban muzuru ke nan, kaza a baki. Mishna ta ƙara da cewa wanda ke cewa zan yi laifi in tuba, in sake yi in tuba, ba a ba shi damar tuba.

Furtawa, widui, da baki ake yinta, ba a zuci ba, da murya ƙasa-ƙasa yadda kunnenka zai ji. Babu wani malami da ake zuwa a faɗa wa, kai da Allah ne. Siffarta gajera ce: ka ce ka yi kuskure, ka karkace, ka yi tawaye, ka ambaci abin da ka yi, ka ce ka yi nadama ka ji kunya, ba za ka sake ba. Da kowane harshe da kake ji ana yi. Laifin da ke tsakaninka da Allah ba a tallarsa ga mutane, yin haka rashin kunya ne.

Ma'aunin cikakkiyar tuba a wurin Rambam shi ne dama ta sake samuwa, wuri ɗaya, ƙarfi ɗaya, sha'awa ɗaya, mutum ya ƙi. Wannan ba izini ba ne na zuwa neman jarrabawa. Akasin haka ake so, a gina shinge: wanda caca ta ci ya goge manhajar ya miƙa wa wani katin banki, wanda gulmarsa a teburi ɗaya take tashi ya sauya wurin zama.

Ƙuduri kuma shi ne inda yawancin mutane ke faɗuwa, saboda zari. A zafin Elul mutum zai ɗau alkawarin sauya rayuwa gaba ɗaya, kafin ƙarshen Tishri ya watsar. Koyarwar malaman Musar ita ce a fara da ɓangaren da ya fi sauƙin bari, a ɗauki abu guda ƙarami mai iyaka. Maimakon "na daina gulma", ka ce ba za ka yi maganar wanda ba ya nan ba a teburin daren Juma'a wayewar Asabar. Maimakon "zan riƙa karatu", ka ce minti 10 bayan addu'ar safe. In za ka furta shi ka haɗa da bli neder, wato ba da bakance ba, domin kada ƙudurin ya zama alwashin da karya shi wani laifi ne na daban.

Abin da ake yi a majami'a

Daga farkon Elul, Ashkenazawa, Yahudawan da asalinsu ke tsakiya da gabashin Turai, suna busa ƙahon rago, shofar, bayan addu'ar safe kowace rana ban da Asabar. Busar gajera ce: teki'a, doguwa miƙaƙƙiya, sai shebarim, uku masu kama da nishi, sai teru'a, tara ko fiye a jere kamar shessheƙa, a rufe da wata teki'a. Ba a amfani da ƙahon saniya. A jajibirin Rosh Hashana ba a busawa, don a raba busar al'ada da ta wajibi. Ana ƙara Zabura ta 27 sau biyu a yini har cikin bikin Sukkot, bikin bukkoki da ke biyo bayan Yom Kippur. Wasu suna karanta surori uku na Zabura kullum daga 1 ga Elul: kwana 38 sau uku ya ba da 114, sai a karanta 36 da suka rage a Yom Kippur a cika 150.

Selihot addu'o'in neman gafara ne da ake yi bayan tsakar dare ko kafin asuba. Sefardawa, waɗanda asalinsu ke Andalus da ƙasashen Larabawa, suna farawa tun 2 ga Elul. Ashkenazawa suna farawa daren Asabar wayewar Lahadi kafin Rosh Hashana, da sharaɗin a samu aƙalla kwana huɗu. In bikin ya kama Litinin ko Talata, sai a ja baya da mako guda, kamar yadda aka yi a 2025, da bikin ya kama Talata 23 ga Satumba aka fara selihot daren 13 ga wata. Ɗaya daga dalilan kwana huɗun shi ne dabbar hadaya kwana huɗu ake duba ta ko tana da aibi. Zuciyar selihot ita ce siffofin rahama 13 na Littafin Fitowa 34:6-7, kuma ba a karanta su a matsayin addu'a sai da minyan, jam'in mutum 10. Waƙoƙin da ke kewaye da su Ibranancinsu na da tsauri, kuma gara mutum ya karanta kaɗan da fassara ya gane da ya bi jam'i a guje bai san me ya faɗa ba.

A watan ne kuma da yawa ke kai tefilin, 'yan akwatunan ayoyi da ake ɗaurawa a hannu da goshi lokacin addu'a, da mezuza, rubutun ayoyi da ake maƙalawa a dokin ƙofa, wurin marubucin Attaura ya duba ko harafi ya goge, a ziyarci kaburburan iyaye, a ƙara sadaka. Gaisuwar lokacin, har a ƙarshen wasiƙa, ita ce ketiba wahatima toba, fatan a rubuta ka a kuma hatimce ka da alheri.

Kwanakin ƙarshe

Da safiyar jajibirin Rosh Hashana ake warware alwashi, hatarat nedarim. Mutum uku su zauna a matsayin kotu, kai ka tsaya, ka ce ka yi nadamar alwashin da ka ɗauka wa kanka ka manta, har da kyawawan al'adun da ka yi sau uku ba ka ce bli neder ba. Su amsa sau uku cewa an warware maka. Dole ka fahimci abin da kake faɗa, in ba ka jin Ibrananci ka faɗa da harshenka. Wannan, da Kol Nidre, furucin warware alwashi na daren Yom Kippur, alwashin da ke tsakaninka da Allah kaɗai suka shafa. Ba sa soke alkawarin da ka yi wa mutum, ko yarjejeniyar ciniki, ko rantsuwar kotu.

Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne a Rosh Hashana kanta ba a yin widui. Ranar ta naɗin Allah Sarki ce da jin ƙaho, busa 30 na wajibi, 100 bisa al'ada, kuma idan ranar farko ta kama Asabar, kamar a 2026, sai a rana ta biyu ake busawa. Ka bar littafin hisabinka a rufe. Da la'asar ake zuwa bakin ruwa don tashlik, a karanta ayoyin ƙarshen Littafin Mika kan jefa zunubai cikin zurfin teku. Jefa gutsuren burodi ba ya cikin asalin abin, manyan malamai ma sun hana shi a ranar biki.

Talmud ta ce littattafai uku ake buɗewa a Rosh Hashana, na salihai, na mugaye, da na 'yan tsaka-tsaki waɗanda ake jinkirta hukuncinsu zuwa Yom Kippur. Kowa na ɗaukar kansa a na uku, shi ya sa kwana goman ke da nauyi. Ranar 3 ga Tishri azumin tunawa da kisan Gedaliya ne, gwamnan Yahudiya na zamanin Babila, daga asuba zuwa dare. A addu'ar tsaye, Amida, ƙarshen albarka ta uku na sauyawa daga "Allah Mai Tsarki" zuwa "Sarki Mai Tsarki", kuma wanda ya manta bai gyara nan take ba sai ya koma farko. A waɗannan kwanaki ne za ka koma wa waɗanda suka ƙi ka a karon farko.

Jajibirin Yom Kippur ranar ci ce, cin ma umarni ne. Mai shan kofi ya fara ragewa kwana uku ko huɗu kafin nan saboda ciwon kai, a sha ruwa sosai, a rage gishiri a abincin ƙarshe. Mara lafiya, mai ciki da mai shan magani kullum su tambayi likita da malami tun da sauran kwanaki, domin ceton rai yana gaba da azumi. Masu yin kaffarot, al'adar kewaya kai da abin fansa, suna yi da kaza ko da kuɗin da za a ba matalauta, kuma Yusuf Karo, mai littafin dokokin da aka fi bi, bai goyi bayan yi da kaza ba. Ana yin widui na farko a addu'ar la'asar tun kafin abincin ƙarshe, don gudun kada wani abu ya sami mutum a wurin cin bai furta ba.

Furtawar ranar iri biyu ce: Ashamnu, gajera mai bin jerin haruffan Ibrananci, da Al Het, doguwa, mai layi 44 a tsarin Ashkenazawa. Ana yinsu a tsaye, an ɗan sunkuya, ana bugun ƙirji da dunƙulen hannu a kowane laifi. Duk da lafazin jam'i suke, "mun yi", saboda haka suna da sauƙin wucewa a baki ba su taɓa kowa ba. Maganin wannan shi ne kafin bikin ka zauna da littafin addu'a da littafin hisabinka, ka ga wane layi ya dace da wane abu naka, ka rubuta a 'yar takarda ka saka tsakanin shafuka, tunda ranar ba a rubutu. Idan liman ya kai layin laifin harshe, kai ka san sunan da ke ƙarƙashinsa.

Bayan an busa ƙahon rufewa an sha ruwa, ka yage shafukan da ke ɗauke da sunayen mutane da sirrinsu ka ƙone, ka bar shafin ƙuduri da na ragowar bashi da ranakun biyansa. Ka sa wa kanka ranar dubawa a farkon kowane wata, na farko shi ne Heshwan. A daren nan kuma al'ada ce a kafa ko da sanda guda ta bukkar Sukkot, wadda bikinta ke shigowa 15 ga Tishri.